Bin Bayan Gwani: Koyon Tuƙin Jirgin Yaƙi a Wasannin Intanet



 Na san akwai wanda da ya ji batun laccar nan ya ce a ransa, yanzu saboda wasan kwamfuta aka tara mu? E, saboda shi ne, kuma ina roƙon a ba ni aron kunne. A cikin wasan nan akwai wata tsohuwar tambaya da kowane malami da kowane mai sana'a ya sani: ta yaya ilimin da ke hannun gwani da idonsa, wanda shi kansa ba ya iya faɗarsa da baki, ke tsallakawa zuwa ga sabon shiga?

Bari in fara da bayyana filin, domin waɗanda ba su taɓa leƙa shi ba. Kwaikwayon tuƙin jirgi ya girmi kwamfutar gida. Tun 1929 wani Ba'amurke mai suna Edwin Link ya ƙera wani akwati da ake zaunar da ɗalibi a ciki, ya koyi tuƙi da duban na'urori ba tare da ya bar ƙasa ba, kuma dubban matuƙan Yaƙin Duniya na Biyu ta cikinsa suka bi. A ƙarshen shekarun 1980 kamfanin Kesmai ya fito da Air Warrior, wanda ya haɗa mutane daga garuruwa daban-daban ta layin tarho suna fafatawa a sama ɗaya, ana cajinsu kuɗi a kan kowace awa. Yau sunaye uku ne suka fi tashe. Akwai War Thunder na kamfanin Gaijin, wanda ya fi sauƙin shiga. Akwai IL-2 Sturmovik, wanda ya fara fitowa a 2001, ya kuma shahara da jiragen Yaƙin Duniya na Biyu. Sai DCS World na Eagle Dynamics, inda a yawancin jiragensa kusan kowane maɓalli da ke mazaunin matuƙi yana aiki. Littafin koyon jirgi ɗaya tal a cikinsa, A-10C, ya haura shafi 600, kuma tayar da injinsa daga sanyi kan ci mintuna kafin taya ta motsa.

To ga abin da ke samun sabon shiga. Ya sayi sandar tuƙi, ya yi kwanaki yana harbo jiragen da kwamfuta ke tuƙawa, ya ga ai ya iya. Sai ya shiga sabar, wato filin wasa na intanet da mutane ke ciki, ya zaɓi Bf 109 na Jamus saboda ya ji sunansa. Yana hawa titin jirgi sai ya tura totur har ƙarshe lokaci guda. Ƙarfin juyawar farfela ya fizgi hancin jirgin zuwa hagu, tayoyin gaba ga su a matse kusa da juna, kafin ya taka fedar dama jirgi ya yi juyi a kan titi, fiffike ya daki ƙasa. Ya sake. A karo na nawa ne oho, ya samu ya tashi. Ya yi minti ashirin yana hawa, sama fayau, bai ga kowa ba. Kwatsam sai ƙarar harsashi a jikin ƙarfe, hayaƙi, wuta, shi ke nan. Bai ga wanda ya harbe shi ba, bai san ta ina ya fito ba. A nan ne mutane da yawa ke ajiye sanda su ce abin ba nasu ba ne.

Matsalarsa ba rashin karatu ba ce. Littafi ya gaya masa wane maɓalli ke yin me. Bai gaya masa yaushe ake waiwaye ba, ko daga wane ɓangaren sama abokin gaba ya saba ɓullowa da yamma, ko wane faɗa ne ake gani a kauce masa. Ka tambayi tsohon ɗan wasa, me ya sa ka karya dama a daidai wannan lokacin? Sau da yawa amsarsa ita ce, haka kawai jikina ya ba ni. Ba rowa yake yi ba. Abin ya zauna masa a hannu har ya daina bi ta harshe. Irin wannan ilimi sai dai a ɗauke shi da ido.

Matuƙan gaske sun riga mu gane haka, kuma da jini suka biya kuɗin darasin. A 1916 Oswald Boelcke na Jamus ya rubuta dokoki takwas na faɗan sama, a cikinsu akwai neman rinjaye kafin a kai hari, da sanya rana a bayanka, da ƙin harbi sai an matso kusa. Amma bai tsaya ga takarda ba. Yakan ɗauki yaransa su tashi tare su ga yadda yake yi, idan an sauka a zauna a tattauna. Cikin yaran nan akwai Manfred von Richthofen, wanda daga baya aka lasafta masa jirage 80.

Labarin da na fi so ku riƙe shi ne na Erich Hartmann. Ina ambatonsa ne don darasin tuƙi kawai, domin gwamnatin da ya yi wa yaƙi, ta Hitler, azzaluma ce da babu abin yabo a tare da ita. A watan Oktoba na 1942, yana ɗan shekara 20, aka tura shi fagen daga a yankin Kaukasus, aka haɗa shi da wani gogaggen matuƙi, Edmund Rossmann, a matsayin mai rufa masa baya. A fitarsa ta farko da aka gamu da jiragen Tarayyar Sobiyet, zumuɗi ya kwashe shi. Ya tura totur ya wuce jagoransa, ya yi harbi daga nesa bai samu komai ba, ya ɓace cikin gajimare, da ya hango jirgi na biyo shi sai ya ɗauka abokin gaba ne ya yi ta gudu, alhali Rossmann ne ke neman dawo da shi. Mai ya ƙare masa, ya faɗo da jirgin a kan ciki. Hukuncinsa shi ne kwana uku yana aiki tare da makanikai. Bayan nan ya dawo ya zauna a bayan Rossmann ya zuba ido. Shi kuwa Rossmann yana da rauni a hannu, ba ya iya dogon kokawar juye-juye, don haka ya saba da tsayawa daga nesa ya karanci yanayi, sai ya tabbata abokin gaba bai gan shi ba sannan ya afka. Wannan haƙuri ne Hartmann ya kwafa, ya mayar da shi tsarinsa: ka gani, ka yanke shawara, ka kai hari, ka janye. Ya ƙare yaƙin da jirage 352 a lissafin Jamusawa, adadin da babu wanda ya kai. Ku lura, abin da ya ɗauka daga malaminsa ba saitin bindiga ba ne. Abin da ake yi kafin a taɓa kunamar bindiga ya ɗauka.

Nan ne kuma yawancin masu kallo a yau ke tafka asara. Saurayi zai kwana a YouTube yana kallon gwanaye, amma idonsa na kan jirgin da ke cin wuta. Wannan kallon nishaɗi ne, ba laifi, amma ba ya ƙara masa komai. Idan koyo kake so, ka ɗauke idonka daga inda harsashi ke sauka, ka mayar da shi kan wuyan matuƙin. Yawancin gwanaye suna amfani da na'urar da ke bin motsin kai, irin su TrackIR ko manhajar OpenTrack ta kyauta, saboda haka duk inda suka waiwaya hoton na waiwayawa da su. Ka ƙirga daƙiƙa nawa yake yi yana kallon gaba kafin ya juya. Za ka tarar ba ya daɗewa. Ya duba dama sama, ya zarce har bayan wutsiya, ya dawo, ya saci kallon na'urar gudu da ta tsayi, ya koma hagu. Matuƙa na lissafa sama da agogo: gaba ƙarfe goma sha biyu, baya ƙarfe shida. Ƙarfe shidan nan ita ce ƙofar mutuwa, kuma za ka ga gwani na ɗan karkata jirgi hagu da dama yana tafiya, don ya leƙa ƙarƙashin wutsiyarsa inda gilashi ba ya nunawa. Wanda ya harbo sabon shigan da na ba ku labarinsa ta nan ya zo, ba wani siddabaru ya yi ba.

Sannan ka sa ido a kan lambobi biyu, tsayi da gudu. Su biyun dukiya ɗaya ce da ake canjawa: ka sunkuya ka sayar da tsayi ka sayi gudu, ka ɗaga hanci ka mayar da gudu tsayi. Kowane juyi mai tsanani kuwa kashe dukiyar yake yi, ba ta dawowa sai injin ya sake tara ta a hankali. John Boyd na rundunar saman Amurka, tare da masanin lissafi Thomas Christie, sun mayar da wannan fahimta lissafi a shekarun 1960, har ta shafi yadda aka zana F-15 da F-16. A cikin wasa, sabon shiga da ya hango abokin gaba sai ya ja sanda iya ƙarfinsa, ya yi ta zagaye har gudunsa ya zube, ya rage yana rarrafe a ƙasa-ƙasa kamar mai jiran a zo a ɗauka. Gwani yakan hau sama tun kafin ya isa fagen, ya faɗo daga bisa, ya yi harbi na daƙiƙa ɗaya ko biyu, ko ya samu ko bai samu ba ya wuce ya koma sama. Kuma ya san jirginsa. Mai tuƙa Zero na Japan yana son a yi juye-juye a hankali, domin nan ƙarfinsa yake. Mai tuƙa jirgi mai nauyi da gudu kamar P-47 in ya yarda aka ja shi cikin wannan rawa ya kashe kansa.

Abu mafi tsada kuwa, wanda bidiyo ba ya nunawa, shi ne faɗan da gwani ya ƙi shiga. Mai shirya bidiyo yakan yanke minti arba'in na hawa da sintiri da janyewa, ya bar maka minti huɗu na nasara. Shi ya sa nake fifita kallon shiri kai tsaye wanda ba a tace ba, ko da zai gundure ka. A nan za ka ga mutum ya hango jirage uku sama da shi, ya juya salin-alin ya nufi gida, ya ce ba yau ba. Za ka ga an harbo shi shi ma, ka ji abin da ya ce ya jawo masa.

Masana ilimi sun yi nazarin irin wannan koyo, kuma misalin da ya fi shahara daga Afirka ta Yamma ya fito. Jean Lave ta yi bincike a shekarun 1970 a kan teloli 'yan ƙabilun Vai da Gola a Monrobiya ta Laberiya, ita da Etienne Wenger suka kawo shi a littafinsu na 1991. Ta lura yaron shago ba ya fara da yanka yadi. Yana farawa da guga da sa maɓalli da kalmasa, wato ƙarshen aiki, inda zai riƙa juya rigar da aka gama a hannunsa yana ganin yadda aka haɗa ta. Daga nan ya hau keke. Yanka, inda kuskure ke cinye yadin mutane, shi ne na ƙarshe. Duk wanda ya taɓa zama a shagon tela a garuruwanmu ya san haka abin yake. To haka ya kamata mai koyon jirgi ya jera karatunsa. Ya fara da sauka lafiya, domin wanda bai iya sauka ba duk abin da ya yi a sama banza ne. Ya koyi bin jagora. Ya koyi gani. Ya koyi magana a rediyo. Bindiga ta zo daga baya.

Saboda haka kujerar koyo mafi daraja ita ce ta mai rufa baya. Matuƙin Jamus Werner Mölders da abokansa, tun a yaƙin basasar Sifen, suka watsar da tsarin jirage uku a cunkushe, suka koma bibbiyu da tazarar kimanin mita 200, jagora na farauta, na biyu na tsare masa baya. Har yau a kan wannan ake. A cikin wasa, abin da za ka yi shi ne ka shiga rediyon sabar, ka yi sallama, ka faɗi gaskiya cewa kai sabo ne, ka nemi wani ya yarda ka bi shi. Aikinka a fitar farko guda uku ne kacal: kada ka rabu da shi, ka gaya masa abin da ka gani, ka dawo da jirgi cikakke. Bin ma kansa fasaha ce. Za ka zaɓi alama biyu a jikin jirginsa, misali bakin fiffike da gilashin mazauni, ka riƙe su a layi ɗaya. In ya fara yi maka nisa ka ƙara totur kaɗan, kafin ka iso ka rage, sannan ka daidaita. Sabon hannu kullum yakan yi gyara da yawa kuma a makare, ya wuce jagora, ya ja baya, ya sake wucewa. Amma bayan wasu fitowa, ba tare da an yi maka lacca ba, hannunka zai fara sanin gudun da yake hawa da shi, da hanyar da yake bi ya shiga fage, da lokacin da yake cewa mai ya yi ƙasa mu koma. Wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi, kai dai ka bi sawunsa.

A DCS akwai abin da ya fi haka kusanci, wato jiragen da mutum biyu ke shiga ciki ɗaya ta intanet. F-14 na da kujerar baya ta mai kula da rada. L-39 Albatros, jirgin horo na ƙasar Cek, yana da sanda gaba da baya, malami ya tuƙa kana kallo, ya miƙa maka, in ka kusa ɓata ya karɓe. Wannan jirgi ba baƙo ba ne a wurinmu: samfurinsa ne rundunar sojan saman Nijeriya ta daɗe tana horar da matuƙan jet da shi a Kano. Haka JF-17, wanda rundunar ta karɓi guda uku a 2021, yana cikin wasan tun 2019.

Yanzu bari in zo kan abin da nake ganin ya raba masu ci gaba da masu tsayawa wuri ɗaya, wato zaman bita bayan sauka. Akwai manhaja mai suna Tacview da ke naɗe duk abin da ya faru a sama, ta zana hanyar kowane jirgi da zare mai launi, da tsayinsa da gudunsa a kowace daƙiƙa. Ka ɗauka an harbo ka, kana rantsuwa daga sama aka jefo mutumin. Jagoranka ya buɗe faifan, ya mayar da shi baya minti uku. Ga ka nan, shuɗin zare, kana tafiya ɗoɗar. Ga jan zare can sama da kai ta gefen rana, yana biye da ku tun kuna tsallaka kogi. Jagora ya tsayar da hoto ya ce, a nan na kira ka ka karya hagu, ka ji? Ka ji, amma ka tsaya neman abokin gaba da ido kafin ka juya, daƙiƙa huɗu suka tafi. Ya matsar gaba kaɗan: ga inda ka ja sanda da ƙarfi gudunka ya zube rabi. Gardama ta ƙare, gani ya kori ji. Ka kuma juya faifan ka hau jirgin wanda ya harbo ka, ka ga yadda ya yi haƙuri yana jiran ku rabu. Shi ma ya zama malaminka ko bai sani ba. Sojojin sama na gaske haka suke yi. Amurka ta kafa atisayen Red Flag a sansanin Nellis a 1975 bayan darasin Biyetnam ya nuna cewa matuƙin da ya tsallake fitarsa goma ta farko damar rayuwarsa na ƙaruwa sosai, sai aka ce a ba shi goman nan a fagen horo, a naɗe komai, a zauna a feɗe shi. Mu a wasa muna da gatan da ba su da shi, domin ana harbo mu mu tashi mu sake. Amma wanda aka harbo sau ɗari bai zauna bita ko sau ɗaya ba, kuskure ɗaya ya maimaita sau ɗari.

Rediyo ma da kunne ake fara shi. Da Turanci ake yi, a gajarce, kuma kalmomin ba su da yawa: "tally" na nufin na gan shi, "bingo" mai ya rage na komawa gida, "Fox two" na saki makami mai bin zafi. Ka yi shiru ka saurara kwana biyu kafin ka fara cika layi da surutu. Kuma ka kula da yadda gwanaye ke bambanta jirgin da ba a tantance ba da wanda aka tabbatar na abokin gaba ne. Ba sa harbi sai sun tantance. A sabar da yawa, harbo ɗan ɓangarenka na iya sa a kore ka. Mu da muka san abin da harin sama bisa kuskure ya jawo wa wasu ƙauyukanmu, bai kamata mu ɗauki wannan ladabi da wasa ba ko da a cikin wasa ne.

Kallo na da nasa haɗari. Ba kowane mai yawan mabiya ne gwani ba, kuma gwanin ma yana da munanan ɗabi'u da ƙwarewarsa ke rufewa, kai in ka kwafa su kashe ka. Dabarar da ta yi aiki a jirginsa ba lallai ta yi a naka ba. Maganin shi ne ka kalli mutum fiye da ɗaya, ka koma littafi ka gwada. Littafin Robert Shaw na 1985, Fighter Combat, har yau shi ne madogara a wannan fanni. Sannan duk abin da ka gani ka je ka yi shi da hannunka a ranar, kafin ya bi iska.

Na san halin da muke ciki. Kwamfutar da za ta ɗauki DCS ba araha ba ce, sauke shi na cin data mai yawa, ga ɗauke wuta, ga sabar mafi yawa a Turai da Amurka, abin da ke kawo jinkiri tsakanin hannunka da allo. Sai dai shi kansa DCS kyauta ne a matakin farko, da taswirar Kaukasus da jirage biyu, Su-25T da TF-51D, War Thunder ma kyauta ake shiga. Kuma wannan ƙarancin kayan aiki ya dace da hanyar koyon da nake bayani. Kwamfuta ɗaya da sanda ɗaya sun ishi mutum biyar: ɗaya na tuƙi, ɗaya na riƙe da jerin matakai yana karantowa, sauran na kallo suna lura da abin da za a tattauna in an sauka, sannan a yi karɓa-karɓa.

Ga iyaye, ina so in faɗi iyakar abin a fili. Wasan nan ba ya mayar da yaro matuƙi. Babu nauyin da ke danne jiki a juyi, babu tsoron mutuwa, babu lasisi. Mai son tuƙin gaske hanyarsa ita ce makaranta, irin Kwalejin Fasahar Jiragen Sama ta Zariya da aka kafa a 1964, ko aikin soja. Kuma wajibi ne a sa masa lokaci, kada ya ci salla da karatu da barci. Amma yaron da ya zauna ya karanta shafi ɗaruruwa da Turanci don ya iya tayar da injin, ya koyi karanta taswira, ya yarda a nuna masa kuskurensa a gaban mutane ba tare da ya yi fushi ba, wannan yaro ba ɓata lokaci yake yi ba.

Roƙona na ƙarshe ga 'yan kaɗan ɗin da ke cikin zauren nan da suka riga suka iya. Kada ku bar sababbi su yi ta faɗuwa su kaɗai har su gaji su tafi. Kowane ɗayanku ya ɗauki mutum ɗaya a wannan wata, ya ba shi gefen fiffikensa, ya riƙa faɗin abin da yake yi da baki yana tuƙi, in an sauka ya ba shi minti goma na bita. Ku kuma ƙannena masu son farawa, kafin ku fita daga nan ku nemi wanda za ku bi.